Baba Fayaman da Hawan Doguwa

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Tudun Wada ya san ba zakara ke sanar da mu gari ya waye ba, usur ɗin Baba ne. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya zarce bayan gida, ya ɗauki tsummansa da 'yar kwalbar man gyaɗa, ya durƙusa ya bi layin dogonsa yana gogewa, tun daga Dangora har Doguwa. Tafiyar ba ta fi taku goma sha biyu ba, amma sai ta ci masa rabin sa'a. In ya gama ya miƙe, ya busa usur sau ɗaya, ya dubi kaji da tumaki ya ce, "Layi a buɗe yake." Sannan ya yarda a kawo masa koko.

Ni ce Hafsatu, jikarsa, wadda yake kira Akawu. Kawunaina suka ce in faɗi wani abu a kansa tunda littafinsa a hannuna yake. Kun dai san ni da magana a gaban jama'a, shi ya sa na rubuta.

Sunansa Malam Haruna, amma ban taɓa jin an kira shi haka ba sai ranar da liman ya tsaya a kansa. Kowa Fayaman yake cewa, domin aikin da ya yi ke nan da ƙuruciyarsa: shi ke zuba kwal a wutar jirgin ƙasa, zamanin da jirgi ke tafiya da tururi. Da aka kawo jiragen dizal aka mai da shi wani aikin, bai kuwa taɓa yafewa ba. Da ya yi ritaya ya dawo Tudun Wada, garin da layin dogo bai taɓa bi ba, sai ya gina nasa a ƙarƙashin rumfar kwano.

Ku da kuka gani kun san ba wasan yara ba ne. Layin na ƙarfen ɗaurin dila ne, a kafe kan 'yan katakai. Taragai na gwangwanin kifi. Kan jirgin kuwa, wanda ya sa wa suna Gagarau, shi da wani maƙerin farin ƙarfe a Kiru suka yi wata takwas suna haɗa shi daga tsohon famfon fesa maganin sauro na tagulla. Ruwa ake zuba masa, a hura masa gawayi, ya tafasa, ya yi tari, ya tafi da kansa. Yana tashi daga Dangora, ya tsaya Kiru, ya tsaya Bebeji, ya ratsa gefen wani tsohon daro cike da ruwa wanda shi ne Tiga, ya shigo Tudun Wada, ya keta dajin Falgore, sannan ya tarar da hawan Doguwa, tulin jar ƙasa mai tsayin gwiwa.

A nan gizo ke saƙar. Gagarau bai taɓa haye wannan tudu ba.

Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa sai Doguwa. Inna, kakata, 'yar can ce. Lokacin da Baba ke nemanta, yana saurayi mai albashi da baƙar hula, ya faɗa mata cewa an kusa jawo layin dogo zuwa garinsu, kuma in ta aure shi ba za ta ƙara zuwa ganin gida a bayan a-kori-kura ba, shi da kansa zai kai ta a jirgi. Ta aure shi. Layi bai zo ba. Ita ta daɗe da mai da maganar abin tsokana, shi kuwa bai taɓa ɗaukarta da wasa ba. A taragon farko akwai 'yar tsana ta kara, sanye da ƙyallen tsohon zanin Inna. Duk tashin jirgi tana ciki.

"Malam, yau ma a daji zan kwana?" Inna takan tambaya daga bakin murhu.

"Ki yi haƙuri, 'yar Doguwa. Jirgin ƙasa ba ya makara, jinkiri yake yi."

An sha ba shi shawara ya rage tudun. Kawu Sani ma ya taɓa zuwa da shebur. Baba ya tare shi ya ce, "Ni na halicci Doguwa da zan baje ta? Ka taɓa zuwa garin ba ka hau tudu ba?" Kuma yana da doka ɗaya da ba ta tankwaruwa: in an busa usur, hannun ɗan Adam ba ya taɓa jirgi.

Kowace shekara bayan an gama girbi yakan yi bikin tunawa da buɗe wannan layi, layin da ba a taɓa buɗewa ba. Ya sa tsohon kakinsa, a kafa tutoci na ƙyalle a kowace tasha, ya tsaya ya yi jawabi yana gode wa leburorin da suka fasa dutse da injiniyoyin da suka auna hanya, duk da fuska a ɗaure. In wani ya yi dariya sai ya dakata, ya dube shi, har sai ya haɗiye ta.

Ba a shiga bikin sai da tikiti. Kyauta ne, amma sai ka bi layi ka karɓa ta tagar ɗakin ajiya, ya huda maka shi da abin yanke farce. Wata shekara Mai Unguwa ya zo da babbar rigarsa ya nufi bayan gida kai tsaye. Baba ya sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, tikiti."

"Haba Fayaman, ni ne fa."

"Na gane ka sarai. Ko Razdan ne sai ya nuna."

Mai Unguwa ya koma ya tsaya bayan yara bakwai. Da aka miƙo masa tikitin ya ɗaga shi sama ya ce, "Wannan ai rariya ce." Gaskiyarsa. Daga kwalin sukari guda Baba ya yanka tikitocin nan tun shekarar farko, kuma yana karɓe su a ƙofa in an tashi. Hudar da ke jikinsu ta fi kwalin yawa. Na taɓa cewa zan samo masa sabon kwali, ya ce, "Akawu, akwai sauran wurin huda biyu a kowanne. Almubazzaranci ne ya kashe reluwe."

Abokin wannan sha'awa tasa shi ne Malam Ila, tsohon ma'aikacin ruwa a Tiga, wanda shi ma yake da nasa layin a tsakar gidansa. Shi ne shugaban tasha a duk bikin Baba, Baba kuma yakan je nasa. Sun yi shekaru suna tare, ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba.

Shekarar da akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye dajin Falgore, wanda Baba ya dasa da 'yan rassan zogale, saura kwana ɗaya biki, sai da aka zauna bincike. Baba a kan kujera, ni da biro, Malam Ila a tsaye, domin shi ya bar ƙofa a buɗe.

"Ina shugaban tasha yake lokacin da abin ya faru?"

"Ina cin tuwo a zaurenka, kai ka ba ni."

"Akawu, rubuta: ya bar bakin aiki."

"To ita akuyar fa? Ba za a tambaye ta ba?"

"Akuya ba ma'aikaciya ba ce. Ba ta sa hannu a takardar kowa ba."

Aka yanke wa Malam Ila hukuncin dakatarwa na kwana ɗaya, sannan aka ɗage hukuncin saboda ba wanda zai riƙe tuta. Washegari jirgi ya keta daji ba ganye ko ɗaya. A jawabinsa Baba ya ce an yi fari a bana, a yi ta addu'a.

Jirgin Malam Ila na batir ne, ɗansa ya sayo masa a Kano. Sau ɗaya ya yi kuskuren zuwa da shi a cikin jaka. Bayan Gagarau ya sake zamewa daga tudu, ya fito da shi a hankali ya ce, "Fayaman, a zamaninku ma ai in hawa ya yi tsanani ana kawo wani kan jirgin ya tura ta baya. Bari nawa ya ɗan taimaka."

Baba ya karɓi jirgin, ya juya shi, ya shinshina, ya kara a kunne.

"Yana tari?"

"Ba ya yi."

"Yana gumi?"

"Batir ne fa."

"Abin da ba ya tari ba ya gumi, shi zai kai matata gida? Mai da tocilan ɗinka jaka."

Daga ranar har ya bar duniya, sunan jirgin Malam Ila tocilan.

Aikina a duk wannan shi ne littafi. Tun ina aji uku na sakandare Baba ya ba ni shi, ya ce in riƙa rubuta kowane gwaji: rana, irin gawayin da aka sa, da inda jirgi ya tsaya. Katakai arba'in ne daga gindin tudu zuwa tashar Doguwa, da su muke awo. Ni kuma ban iya barin gefen shafi fayau ba, sai in ƙara duk abin da na gani, ko hadari ne, ko baƙi, ko Baba na mura. Da na tafi makaranta Kano sai gwaji ya koma lokacin hutu kawai, domin a cewarsa jirgi ba ya tashi ba akawu.

Kusan kullum a katako na sha bakwai ko sha takwas Gagarau ke tsayawa, ƙafafunsa na juyawa a wuri ɗaya, sannan ya sulalo baya. Kullum kuma hukuncin Baba ɗaya ne: wuta ce ba ta isa ba. Ban ga laifinsa ba. Duk tsawon aikinsa, in jirgi ya kasa hawa, ba wanda ake juyowa a harara sai fayaman. Don haka ya gwada gawayin ƙirya, ya gwada na marke, ya gwada ƙwaryar goriba. Ya taɓa tafiya har Ba'awa a kan babur ɗin haya saboda an ce akwai wata tsohuwa mai gawayin da ba ya toka. Bai taɓa duban ƙasa ba.

A hutun da aka yi bikin ƙarshe, kwanaki kaɗan kafin bikin, na tarar gara ta fara cin littafin, sai na zauna ina kwafe shi cikin sabo. A nan na ga abin. Sau uku kacal a duk shekarun nan jirgi ya wuce katako na talatin. Na farko, Baba ya kwana biyu wajen ta'aziyya a Kiru. Na biyu, yana fama da zazzaɓi. Na uku, Inna ta ƙarar da man gyaɗa a suyar ƙosai. A gefen kowanne da rubutuna: yau ba a goge layi ba.

Kwana uku ina juya yadda zan faɗa masa. A lokacin jikinsa ya riga ya yi rauni. In ya durƙusa sai an kama shi ya tashi. Ba wanda ya furta, amma duk gidan mun san da wuya a sake wani bikin bayan wannan. A rana ta huɗu na same shi da tsumma a hannu.

"Baba, na ce ko man nan..."

"Me ya yi?"

"Ko yana sa ƙafafun..."

"Tsatsa ce ajalin ƙarfe, Akawu. Ke riƙe biro, ni in riƙe layi."

Na ce to. Abin da na iya ke nan.

Sai na kai wa Inna. Na buɗe mata shafukan uku, na karanta mata, na fara yi mata bayanin abin da muka koya a makaranta game da gogayyar ƙarfe da ƙarfe. Ta katse ni.

"Tsaya. Kina nufin shekara da shekaru man gyaɗana ne ya hana ni zuwa gida?"

"Haka nake zato, Inna."

"Ku 'yan boko sai kun cika littafi biyu kafin ku gane mai yana da santsi. Kada ki sake yi masa maganar. Ranar Juma'a ne bikin, ko?"

Ranar Juma'a da asuba Baba ya goge layinsa, har ya ƙara mai saboda biki. Da ya tafi masallaci da rana, Inna ta ɗebo toka a murhu cikin kasko, ta ɗauko soson buhu da take wanke tukwane da shi. Gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa, don haka a kan 'yar kujera ta zauna, tana ja tana matsawa. Na ce ta bari in yi. Ta ce, "Hanyar garinmu ce, ba ta garinku ba." Ta dirje layin nan kamar tukunyar da aka yi miyar biki a ciki, tun daga Falgore har ƙofar tasha, ta bi da busasshen tsumma, ni kuma na share tokar da ta zuba. Kafin a sauko daga masallaci tana bakin murhunta kamar ba ita ba.

Bayan la'asar jama'a suka taru, kowa da rariyarsa a hannu. Baba ya yi jawabi, gajere a wannan karon. Sannan ya sa hannu a aljihun kaki ya fito da wani ƙulli. Da ya kwance sai ga dunƙulen baƙin dutse kamar ƙwan kaza. Kwal ne na gaske, wanda ya ɗauko daga jirginsa ranar tafiyarsa ta ƙarshe, ya ɓoye a ƙasan akwati tun kafin a haifi mahaifiyata. Mutumin da bai yarda a jefar da tikiti mai huda ashirin ba, shi ya ɗora kwal ɗin nan a kan dutse ya farfasa da guduma.

Malam Ila ya ce a hankali, "Fayaman, in ya ƙone fa shi ke nan."

"Don ƙonewa aka haƙo shi."

Ya jera gutsattsarin a kan garwashi, ya yi ta fifita har wani hayaƙi mai wari ya tashi, irin wanda ba mu taɓa ji ba. Tsofaffi biyu a baya suka ce wallahi warin tashar Dangora ke nan. Malam Ila ya ɗaga koriyar tuta. Baba ya busa usur.

Gagarau ya tsaya Kiru, ya tsaya Bebeji, aka ƙara masa ruwa a Tiga da cokali kamar yadda aka saba. Ya wuce Tudun Wada, ya keta zogale, ya kama tudu. Ni ina tsugune da littafi ina ƙirga katakai a zuciyata. Sha biyar, sha shida, sha bakwai. Bai tsaya ba. Ban san lokacin da na fara ƙirgawa da ƙarfi ba, ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Yara suka kama tare da ni. Ashirin da biyar. Talatin. Tarinsa ya yi nauyi, tafiyar ta koma kamar ta tsoho mai sanda. A talatin da bakwai ya yi kamar zai tsaya. Na ga hannun Malam Ila ya miƙa da kansa, Baba ya make shi da mafici ba tare da ya dube shi ba.

"Bar shi. Ya san hanya."

Talatin da takwas. Talatin da tara. Gagarau ya ja jiki ya shiga tashar Doguwa, ya yi ajiyar zuciya ta tururi, ya tsaya.

Baba ya gyara hularsa, ya taka a hankali har inda Inna ke zaune cikin mata, ya ɗan rusuna yadda ma'aikaci ke yi wa fasinja.

"'Yar Doguwa, a sauka lafiya. An iso."

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, ka makara."

"Jinkiri dai."

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce hayaƙin kwal ɗin nan ba shi da kyau ga ido. Daga nan guɗa ta tashi, Mai Unguwa ya rungume Malam Ila, yara suka yi ta tsalle har ɗaya ya faɗa Tiga. Duk wanda ya zo yi wa Baba barka amsa ɗaya yake samu: "Na faɗa muku wuta ce. Kwal ba gawayi ba ne."

Da jama'a suka watse, bayan ya karɓe tikitocinsa ya ƙirga, ya kira ni in rufe littafi.

"Rubuta: an isa Doguwa, katako arba'in cif. Dalili, kwal mai kyau."

Na rubuta. Sai ya sunkuya da ƙyar, ya shafa yatsa a ƙarƙashin layin, inda tsintsiyata ba ta kai ba, ya ɗago shi fari fat da toka. Ya daɗe yana kallon yatsan. Ni kuwa na kafa ido a kan shafi.

"Ƙara a ƙasa," ya ce. "Ma'aikatan layi sun yi ƙoƙari. Kada ki sa suna, kar su zo neman ƙarin girma."

Washegari da asuba na ji motsi a bayan gida. Na leƙa. Baba ne a durƙushe, da tsummansa da kwalbar man gyaɗa.

Bai sake tayar da jirgin ba. Malam Ila ya tambaye shi yaushe za a dawo da shi Dangora, ya ce mace ta yi shekara hamsin ba ta je gida a jirgi ba, ai a bar ta ta gaisa da dangi. Gagarau na nan a kan tudu har yau, 'yar tsanar na cikin taragonta. Baba ya rasu da farkon damina, kafin gero ya kai gwiwa.

Da na dawo hutun nan, na fito da sassafe na tarar da Inna a kan 'yar kujerarta, tana ja tana matsawa, tana goge layin da tsumman Baba. Na ce, "Inna, da mai kuma?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai an riga an iso. Yanzu tsatsa ce kawai abin tsoro."

Allah ya jiƙan Baba Fayaman, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai yarda ya bar alkawari a gindin tudu ba, Allah kada ya bar shi a hanya, ya sauke shi lafiya a gidan Aljanna. Ya ba Inna haƙuri da mu baki ɗaya. Amin.